RAWAR TSOKA DA TSORON SHANYEWAR JIKI

Da wuya a sami baligin da bai taɓa jin wani wuri a jikinsa yana rawa shi kaɗai ba. Mutum yana zaune yana hutawa, sai ya ji fatar idonsa tana ɗan motsi, ko sharaɓarsa tana harbawa kamar wani ƙwaro ya shiga ƙarƙashin fata. Tun kaka da kakanni an san wannan abu, har in idon mutum ya yi rawa akan ce zai ga wanda ya daɗe bai gani ba. A yi raha, kowa ya koma kan sha'aninsa.

A zamanin nan abin ya sake kama. Wayar hannu ta kai labarin cututtukan duniya cikin kowane gida. Mutum ya ji namansa yana rawa, ya ɗauko waya ya bincika, ya ci karo da labarin wata mummunar cuta mai shanye tsokoki wadda ba ta da magani. Daga ranar nan barci ya ƙaurace masa. Saboda irin waɗannan mutane, da iyalansu da ke shan wahalar zama da su, aka shirya wannan bayani.

YADDA TSOKA TAKE MOTSI

A jikin ɗan Adam akwai tsokoki fiye da 600. Ba ɗayansu da ke motsi don kanta, sai an ba ta umarni. Umarnin yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta laka, watau farin abin nan da ke cikin ƙashin baya, sa'an nan ya bi jijiyoyin motsi zuwa tsoka. Waɗannan jijiyoyi dabam suke da jijiyoyin jini, ko da yake a Hausa sunansu ɗaya. Aikinsu kamar na wayar lantarki ne.

Kowace jijiyar motsi tana da ƙungiyar zaruruwan tsoka da take yi wa aiki. A tsokar da ke juya ido zaruruwan 'yan kaɗan ne, a sharaɓa kuwa jijiya ɗaya takan riƙe fiye da dubu. To, wani lokaci jijiya guda takan harba saƙo ba tare da ƙwaƙwalwa ta aiko ba. Sai 'yan zaruruwan da ke ƙarƙashinta su tsuke su saki. Wannan shi ne rawar tsoka. Ƙarfinta bai kai ya ɗaga yatsa ko ya lanƙwasa gwiwa ba, iyakarta a ji ta, ko a gan ta tana motsa fata. An fi jin ta lokacin hutu, musamman da dare, don a lokacin ne hankali ba ya kan wani aiki.

ABIN DA KE JAWO TA

Gajiya ce kan gaba. Manomin da ya wuni yana huɗa, da leburan da ya wuni yana dakon siminti, da yaron da ya buga ƙwallo cikin rana, duk sukan ji tsokarsu tana rawa da maraice. Rashin isasshen barci ma haka, shi ya sa direbobin manyan motoci da masu gadi da ɗalibai masu shirin jarrabawa suka fi kowa sanin rawar ido.

Sai kuma abubuwan da ke wartsake mutum. Goro da shayi da kofi da lemunan gwangwani masu ƙara kuzari, duka sinadari ɗaya ne a cikinsu, mai suna kafin, wanda ke zaburar da jijiyoyi. Mutum ya ci goro biyar a wuni, ya bi da shayi mai kauri kofi uku, ya ɗora taba a kai, sa'an nan ya yi mamakin idonsa yana rawa! Yawan gumi a lokacin bazara, da zawo da amai, sukan rage ruwa da gishirin jiki, irin su fotashiyam da magnesiyam da kalshiyam, waɗanda jijiya ke bukata don ta natsu. Wasu magunguna ma sukan jawo ta, kamar abin shaƙar nan na masu ciwon asma. Haka nan ciwon ƙululun maƙogwaro in ya yi aiki fiye da kima, wanda yakan zo da bugun zuciya da rama da rawar hannu, kuma gwajin jini yana nuna shi.

Akwai kuma mutanen da za a bincika iyakar bincike ba a sami dalili ba. Tsokarsu takan yi wata da watanni tana rawa, wani ma shekaru, yau a cinya, gobe a damtse, jibi a tafin ƙafa, amma ƙarfinsu yana nan daram. Likitoci sun san wannan hali sarai, suna kuma lissafa shi cikin abubuwan da ba su da illa.

CUTAR DA AKE TSORO

Cutar da ke firgita masu bincike a waya ita ce cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunan babban nau'inta da haruffa uku, ALS. Wani likitan Faransa mai suna Sharko ne ya bayyana ta a birnin Paris wajen shekarar 1869. Jijiyoyin motsi ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tsokokin da suka rasa mai ba su umarni su yi rauni, su rame. Cuta ce ta gaske, mai tsanani, kuma har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, sai dai na rage mata sauri da sauƙaƙa wa majinyaci. Yawanci takan yi ajalin mutum cikin shekara biyu zuwa biyar, ko da yake masanin kimiyyar nan na Ingila, Sitifin Hokin, an gano tana jikinsa a 1963 yana da shekara 21, bai rasu ba sai a 2018. Ba cutar Turawa kaɗai ba ce. Farfesa Benjamin Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya wallafa rahoto a 1974 kan majinyata 92 'yan ƙasar nan da suka kamu da ita.

Amma fa cuta ce mai wuyar samu. A ƙasashen Turai, inda aka fi ƙididdige ta, kimanin mutum 2 cikin 100,000 take kamawa a shekara, mafi yawansu kuwa sun haye shekara 50. Ba a ɗaukarta daga wani. Rawar tsoka kuwa kusan kowa yana yi.

Babban abin lura shi ne yadda cutar take farawa. Da kasawa take zuwa, ba da jin wani abu ba. Tela ya ga yatsunsa sun kasa riƙe allura. Mutum ya kasa murɗa makulli ko ɓalle maɓallin riga. Ƙafa ɗaya ta riƙa jan ƙasa, takalmi yana zamewa, mutum yana tuntuɓe a wurin da ba dutse. Ko harshe ya yi nauyi, magana ta daina fita sosai, ruwa ya riƙa sarƙe mutum. Raunin nan daga wuri ɗaya yake farawa, ba ya zuwa yau ya tafi gobe, kullum gaba yake yi. Gaskiya ne masu cutar tsokarsu tana rawa, amma rawar tana tafiya ne tare da rauni da rama, kuma sau da yawa majinyacin bai ma lura da ita ba sai likita ya nuna masa. Ƙaiƙayi da zafi da jin kamar kiyashi na tafiya a fata ba alamunta ba ne.

A shekarar 1993 likitocin Asibitin Mayo na Amurka suka wallafa sakamakon bin sawun mutum 121 da suka zo da rawar tsoka, aka duba su ba a ga rauni ba. An bi labarinsu daga shekara 2 har zuwa 32. Ko ɗaya daga cikinsu bai kamu da cutar ba. Duk da haka, dattijon da rawar ta taso masa sabuwa, ta game jiki, ya kyautu likita ya duba shi, ya kuma sake duba shi bayan wasu watanni.

RAMEWAR TSOKA TA GASKE

Ba mutumin da ɓangarorin jikinsa biyu suke daidai wa daida. Hannun da ake aiki da shi ya fi ɗan'uwansa kauri, kuma kowa yana da 'yan loɓawa a bayan hannu da ƙafa waɗanda tun haihuwa suke nan, bai dai taɓa dubawa ba. Tsokar da aka daina mora ma takan zube, kamar yadda duk wanda ya yi jinyar karaya ya sani. In ya koma aiki sai ta dawo.

Idan kuwa tsoka ta rame da gaske, ƙarfi ya ragu, to a ƙasar nan akwai cututtukan da suka fi kusa, kuma akasarinsu suna da magani in an zo da wuri. Kuturta tana lalata jijiyar hannu, naman tsakanin yatsu ya zube, yatsu su lanƙwashe, sau da yawa tare da wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma tana warkewa. Ciwon sukari da aka yi sakaci da shi yana cin jijiyoyin ƙafa. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya ya danne laka. Cuta mai karya garkuwar jiki da rashin abinci mai gina jiki suna ramar da jiki duka. Allurar da wanda bai ƙware ba ya yi wa yaro a ɗuwawu takan taɓa babbar jijiyar ƙafa, ƙafar ta shanye. Shan-inna kuwa, ko da yake a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, har yanzu doka ce ta ma'aikatan lafiya a kai rahoton duk yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya. Abin takaici shi ne mai ɗauke da irin waɗannan yakan zauna gida shekaru, mai lafiya kuwa yana zarya asibiti.

DAMUWA ITA MA CIWO CE

A ɗauki misalin akawu ɗan shekara talatin. Sharaɓarsa ta yi rawa kwana uku, ya karanta abin da ya karanta. Tun daga nan kowace safiya sai ya auna damatsansa da zare. Ya yi tafiya a kan dunduniya, ya yi a kan yatsu, ya ɗaga bokitin ruwa da yatsa ɗaya don ya gwada ƙarfinsa. Ya tsaya gaban madubi ya zaro harshe, ya ga yana motsi, cikinsa ya ɗuri ruwa. Bai sani ba harshen kowa yana motsi in an zaro shi, shi ya sa likita ke duba shi yana kwance cikin baki.

Abin da yake yi shi ke ƙara masa ciwon. Gwaje-gwajen nan suna gajiyar da tsoka, gajiya kuwa tana kawo rawa. Tsoro yana sa jiki ya saki sinadarin da ke shirya mutum gudu ko faɗa, jijiyoyi su ƙara zabura. Numfashi da sauri yana sa leɓe da yatsu su yi mijirya. Barci ya ragu, ya ƙara shayi don ya iya aiki. Hankalinsa kuma ya koma kan jikinsa, har yana jin motsin da dā ba ya ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Ya je wurin likita a ce lafiyarsa lau, ya sami kwanciyar rai ta mako guda, sa'an nan ya ce ƙila likitan bai duba sosai ba, ya nufi wani. Albashi ya ƙare a gwaji da kemis da masu tallan magani. Wannan hali ba na jahilai ba ne, don an sha samunsa a tsakanin likitoci da ɗaliban likitanci su kansu.

Irin wannan mutum ba ƙarya yake yi ba, ba kuma hauka ba ne. Rawar gaskiya ce, wahalar ma gaskiya ce. 'Yan'uwa ba su kyauta ba in suna yi masa dariya, ba su kuma taimake shi ba in sau goma a wuni suna duba masa hannu suna rantse masa ba komai, don kowane lallashi yana sa shi neman wani. Abin da ke aiki shi ne ya daina gwada kansa, ya daina binciken alamun cuta a waya, ya rage goro da shayi, ya sami barci, ya koma motsa jiki da shiga jama'a. In damuwar ta wuce watanni tana hana shi aiki ko ibada, akwai magani ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam, wanda zai koya masa yadda zai sake tunaninsa, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. Ana samun wannan a asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Kaduna da Kware da Maiduguri da Yaba da Aro. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

A GABAN LIKITA

Likita zai tambayi yaushe abin ya fara, da abin da mutum ke ci da sha, da magungunan da yake amfani da su. Zai gwada ƙarfin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar guduma, ya duba tafiya da harshe. Sau da yawa wannan ya isa. In ya ga dalili zai sa a auna jini, ko ya tura mutum wurin likitan jijiyoyi a yi masa awon da ake soka siririyar allura cikin tsoka don a ga yadda lantarkinta ke aiki. Wanda ƙwararre ya duba ya sallama, ya kamata ya tsaya a kan maganarsa, ya koma ne kawai in an ba shi rana ko wani sabon abu ya bayyana.

Wanda bai kamata ya jira ba shi ne wanda hannunsa ko ƙafarsa ta kasa aikin da ta saba, ko tsoka ta zube a fili har wasu suka gani, ko maganarsa ta sake, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya. In rauni ya zo farat ɗaya a ɓarin jiki, baki ya karkace, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, wadda hawan jini ya fi kawowa, kuma ba a kwana da ita a gida.

Manoma kuma su kula. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari a gona, ko aka zuba fiya-fiya a ɗakin da yake kwana, sa'an nan tsokokinsa suka kama rawa tare da dalalar miyau da gumi da amai da ƙuncin numfashi, to guba ce ta shige shi. A cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, kada a ɗura masa manja ko madara, a garzaya da shi asibiti nan take tare da kwalbar maganin don likita ya ga irinsa.