Agogon Bango Mai Saita Kansa ta Rediyo: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Ana jawo hankalin jama'a game da wani irin agogon bango mai hannuwa da ake shigowa da shi daga Turai, galibi cikin kayan gwanjo, wanda masu sayarwa sukan ce shi yake saita kansa. Maganarsu gaskiya ce, amma a ƙasashen da aka ƙera shi dominsu. Yawancin irin waɗannan agogai suna sauraron wata tasha ce mai suna DCF77, kusa da birnin Frankfurt na Jamus, wadda take aika lokaci dare da rana. Saƙonta yana kaiwa wajen kilomita 2,000, tsakanin Frankfurt da Kano kuwa ya haura kilomita 4,000. Watau a ƙasar nan agogon ba zai ji komai ba, ko da an kwana da shi a bakin taga.

Idan kuka sa masa batir, hannuwansa za su ruga da kansu su tsaya a kan ƙarfe 12, wasu kuma a kan 4 ko 8, suna jiran saƙo. Wannan ba lalacewa ba ce. Kada ku tura hannuwan da yatsa, gama injin yana riƙe da lissafin inda kowane hannu yake, in aka ture su sai lissafin ya rikice. A bayansa akwai maɓalli, akasari an rubuta SET ko M.SET a gefensa. Ku danne shi har hannuwan su soma tafiya, ku sake shi daidai lokacin da aka faɗa a labarun rediyo. Daga nan zai yi aiki kamar kowane agogo mai batir, sai dai a riƙa gwada shi da rediyo wata-wata. In ya soma tsaitsayawa, batir ne abin zargi na farko.

Wanda aka kawo masa agogon daga Jamus da batirinsa a ciki, lalle ne ya lura. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Jamusawa sukan ƙara awa ɗaya a kan lokacinsu, Nijeriya kuwa ba ta yin haka. Mai azumin da ya dogara da agogon da aka saita can a wannan tsakani yana iya shan ruwa tun rana ba ta faɗi ba.

Kafin ku biya kuɗi, ku juya bayan agogon. In babu maɓallin saitawa da hannu, ku bar wa mai shi kayansa.