Rage Filafilin Jirgi Kafin Iska Ta Tsananta

Mai tuƙa ƙaramin jirgin ruwa na filafili, kada ka jira jirgin ya fara karkata sosai. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take buga ƙyallen filafilin da shi yakan ninka huɗu, kuma nauyin jikinka ba zai iya danne wannan ba. Gara ka rage filafilin tun kana bakin gaɓa.

In kuwa a tsakiyar ruwa iskar ta same ka, juya goshin jirgin wajen iskar, sassauta igiya, sauko da ƙyallen kaɗan, ka naɗe ƙasansa ka ɗaure tam. Fara da kusurwar da ke jikin sandar tsaye, sannan ta baya. Don Allah, rigar ceto ta kasance a jikinka kafin ka taɓa igiya.