Nazarin Littafi Mai Tsarki: Dabbar da Ke Turkenmu Amana Ce

An shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin nazarin Littafi Mai Tsarki, da Zumuntar Mata, da taron matasa. Ana iya gama shi a zama ɗaya, ko a raba shi biyu. Bari mutum ɗaya ya karanta ayoyin da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba, sa'an nan kowa ya sa baki.

Gabatarwa

A ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, da wuya a shiga gidan manomi a rasa dabba. Akuya ita ce asusun mace. Ragon da aka turke shi ne kuɗin makarantar yaro. Jaki ne yake kawo ruwa, ya kai taki gona. Wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya ga yadda arzikin yankinmu yake tafiya da ƙafa huɗu.

A dā, da gari ya waye sai a kwance dabbobi, yara su kora su daji, su dawo da yamma a ƙoshe. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun canja wannan. A ƙauyuka da yawa dabba takan wuni a ɗaure cikin gida, domin babu mai tura yaro nesa da gari. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta hana jigilar dabbobi na wani lokaci. Wasunmu sun tuna yadda suka zauna da dabbobi, ba wurin sayarwa, ba kuma harawar da za ta isa.

Dabbar da ke turke ba ta iya neman ruwa ko inuwa da kanta. Abin da muka kai mata shi ne rabonta. Saboda haka tambayar darasin nan ita ce: Allah ya damu da yadda muke riƙon dabbobinmu?

1. Na wane ne dabbobin?

A karanta Farawa 1:24-28, Farawa 9:1-10, Zabura 50:10-11, da Karin Magana 12:10.

Waɗannan ayoyi suna koya mana abu biyu tare. Na fari, Allah ya yardar wa mutum ya mori dabba. Ya ba Adamu iko a kansu, ya kuma ba Nuhu izinin cin nama. Kiwo da yanka da noma da shanu ba zunubi ba ne. Na biyu, dabbobin na Allah ne har yanzu. Da ya yi alkawari bayan ruwan tufana, ya haɗa da tsuntsaye da dabbobin gida da na jeji a cikin alkawarin.

Fulani makiyaya, musamman a Nijar, suna da al'adar da suke kira habbanaye. Mai dukiya yakan ba wanda ya rasa aron saniya. Ya kiwata ta, ya sha nononta, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa, daga baya ya mayar da uwar ga mai ita. Wanda aka ba irin wannan saniya yakan kula da ita fiye da tasa, domin ya san zai mayar. Haka muke a gaban Allah. Karin Magana 12:10 ma tana auna adalcin mutum da yadda yake kula da ran dabbarsa. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tambayoyi
• Mene ne bambanci tsakanin mai abu da wanda aka ba amana?
• Da baƙo zai auna bangaskiyarmu ta wurin duban turkenmu kaɗai, me zai ce?

2. Kiwo da haihuwa

A karanta Farawa 33:12-14 da Karin Magana 27:23-27.

Isuwa ya so su yi sauri, amma Yakubu ya ƙi. Dalilinsa shi ne akwai ƙananan yara, akwai kuma tumaki da shanu masu shayarwa, waɗanda korar yini ɗaya za ta iya kashewa. Ya zaɓi tafiya daidai ƙarfin garkensa.

Zaɓen iri mai kyau hikima ce. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda fatarta, ga ta da yawan haihuwar tagwaye. Balami da Uda sun yi suna wajen girma. Kakanninmu ne suka zaɓe su a hankali, shekara bayan shekara. Matsala tana zuwa ne sa'ad da gaggawar kuɗi ta sa muka fi ƙarfin dabba. Cikin akuya wata 5 ne. Idan aka bar bunsuru ya hau 'yar akuya tun ba ta yi ƙwari ba, girmanta yakan tsaya, ta sha wuyar haihuwa, ɗan kuma ya zo da rauni. Yanzu da dabbobin gida ɗaya suke tsare wuri ɗaya, bunsuru yakan hau uwarsa da 'ya'yansa, sai iri ya lalace. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: maƙwabta su riƙa musayar bunsuru da rago kafin 'ya'yansu mata su isa barbara.

Labarin jaki gargaɗi ne a gare mu. Jaka takan yi kusan shekara ɗaya da ciki, ta haifi ɗa ɗaya. Da 'yan kasuwa suka shiga sayen jakuna domin kai fatarsu ƙasar Sin, inda ake yin wani magani da ita, sai yanka ya fi haihuwa yawa. Kuɗin jaki ya tashi har talaka ya kasa saya. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, a watan Fabrairu na 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana yanka jakuna domin fata. Wanda ya sayar da jakarsa mai ciki saboda farashi ya yi kyau, matarsa da 'ya'yansa ne za su ɗauki ruwa a ka.

Tambayoyi
• A ina ne gaggawar riba take sa mu kori garkenmu fiye da ƙarfinsa?
• Gidaje nawa ne a ikkilisiyarmu za su iya yin musayar bunsuru a bana?

3. Turke da karkiya

A karanta Fitowa 23:4-5 da 12, Maimaitawar Shari'a 22:10 da 25:4, da Luka 13:15.

Mu lura da yadda Shari'ar Musa ta shiga ƙananan al'amura. Hutun Asabar ya haɗa da sa da jaki. Ba a sa wa sa takunkumi yana sussuka. Ba a haɗa sa da jaki a karkiya ɗaya, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ko jakin maƙiyinka ne kaya ya danne, an umarce ka ka taimaka. Ubangiji Yesu kuma, da yake amsa wa shugaban majami'a, ya ɗauka cewa kowane mai dabba yana kwance ta daga turke ya kai ta ruwa, ko a ranar Asabar.

Ɗaure dabba ba laifi ba ne. Da damina dole ne, domin kada ta shiga gonar maƙwabci ta jawo faɗa. A wannan zamani kuma tsaro ya tilasta mana. Amma wanda ya ɗaure ta ya ɗauki nauyin duk abin da ta rasa. A ƙasar Ingila, a 1979, masana kiwo sun tsara hakkoki biyar na dabbar da ke hannun mutum, kuma ƙasashe da yawa suna aiki da su. Kada ta zauna da yunwa ko ƙishi. Kada ta rasa wurin kwanciya da inuwa. Kada a bar ta da ciwo ko miki. Kada ta zauna cikin tsoro. A ba ta sarari ta yi irin halin da aka halicce ta da shi. Ga yadda za mu bi su a gidajenmu:

• Ruwa mai tsabta safe da yamma, da bazara kuma a ƙara da rana. Ruwan wanke-wanke mai sabulu ba ruwan sha ba ne.
• Rumfar kara a kan turke. Rana ta watan Afrilu tana iya kashe ragon da aka yi wata uku ana ciyarwa.
• Igiya mai tsawon da dabba za ta iya juyawa ta kwanta. A duba wuya da ƙafa kowane mako, a sassauta kafin igiya ko dabaibayi ya ci fata.
• A share turke, a kwashe taki zuwa gona. Danshi yana kawo ruɓewar kofato da tsutsar ciki.
• A tsince leda daga tsakar gida. Dabba mai yunwa takan haɗiye ta, ta toshe mata ciki, ta yi ta rama har ta mutu.
• Rago ba ya rayuwa da dusa kaɗai. A fara da harawa ko ciyawa, a ƙara dusa da ƙowa kaɗan-kaɗan, domin hatsi mai yawa farat ɗaya yana kumbura ciki.
• Jakin da yake da miki a baya a sauke masa mangala har ya warke, a kuma gyara akumari.
• A nemi malamin dabbobi domin allura. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar awaki da tumaki da kaji. Da allura aka kawar da cutar bushiya ta shanu daga duniya a 2011. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
• Wanne cikin hakkokin nan biyar ne muka fi sakaci da shi?
• Ranar Lahadi muna hutawa. Shanun nomanmu da jakunanmu fa?

4. Wahalar dabba domin nishaɗi

A karanta Littafin Ƙidaya 22:21-33.

Bal'amu ya doki jakarsa sau uku saboda fushi da girman kai, alhali ita ce take ceton ransa. Da mala'ikan Ubangiji ya bayyana, abin da ya fara tuhumarsa da shi dukan nan ne.

Raguna sukan yi karo da kansu a garke, su daina idan ɗaya ya ja da baya. Karon da mutane suke haɗawa dabam yake. Ana zuga su, ana mayar da wanda ya gudu, ana sa kuɗi. A Legas abin ya zama babbar caca, kuma yawancin ragunan daga Arewa ake kai su. A nan gida samari sukan gwada ragunan Salla da na Kirsimeti a bayan gari, yara kuma su haɗa zakaru ko karnuka. Mun san hawan ƙaho na mahauta, inda ake tsokanar bijimi da igiya a ƙafarsa. Mun san gardawa masu yawo da kura cikin takunkumi da sarƙa, da biri ɗaure a ƙugu.

Wani zai ce, ai ragon nan yanka shi za a yi. Gaskiya ne. Amma yanka bukata ce ta abinci, da wuƙa mai kaifi kuma nan da nan aka gama. Karo ba ya ciyar da kowa. Ƙaho yakan karye, ido ya fashe, wanda ya ci caca ya tafi da kuɗin abincin gidan wani. Ga kuma abin da yake yi wa masu kallo. Yaron da ya saba tafi sa'ad da jini ya zuba, zuciyarsa tana koyon wani abu. A ƙasar da ta ga jini irin tamu, bai kamata mu ƙara wa yaranmu wannan darasi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu bi sun daɗe da ganin haka. A 1824 wani fasto na Angilikan mai suna Arthur Broome ya kira taro a Landan, aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. Cikin waɗanda suka halarta har da William Wilberforce, wanda ya yi yaƙi da cinikin bayi. A 1835 majalisar ƙasar ta hana haɗa karnuka da bijimai faɗa. A nan Arewa ma, dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960 ta sa zaluntar dabba da haɗa dabbobi faɗa cikin laifuffuka. Maƙwabtanmu Musulmi kuma addininsu ya hana wannan, saboda haka magana ce da za mu iya kai wa mai unguwa tare da su.

Tambayoyi
• Ta yaya za mu bambanta wahalar da bukata ta kawo da wadda nishaɗi ko kwaɗayi ya kawo?
• Idan sana'ar mutum ta dogara ga irin wannan wasa, yaya za mu yi masa magana cikin ƙauna?

5. Ana kashe mutane, muna zancen awaki?

A karanta Matiyu 10:29-31, Matiyu 12:11-12, da Yunusa 4:11.

Wannan tambaya tana da nauyi, kada mu raina mai yin ta. Wasunmu sun binne 'yan'uwa, wasu sun bar gonakinsu. Yesu ya faɗa a fili cewa mutum ya fi tunkiya da tsuntsu daraja nesa. Idan ruwa ya rage moɗa ɗaya, yaro za a ba. Amma hujjar da ya ba almajiransa domin kada su ji tsoro ita ce, Uban yana sane da ɗan tsuntsun da ba shi da wani kuɗi a kasuwa. Allahn da ya ji tausayin mutanen Nineba ya ambaci dabbobinsu ma. Wanda bai manta da akuyar gwauruwa ba, ba zai manta da gwauruwar ba. Akuyar nan kuma, idan ta rayu ta haihu, ita ce za ta tayar da gidan.

Abin da za mu yi a wannan wata

Bari ƙungiya ta zaɓi mutum uku, har da mace da matashi, su zaga gidajen 'yan'uwa da izinin masu gida, su duba ruwa da inuwa da igiya. A fara da gidan fasto da na dattawa. Inda tsoho ko gwauruwa suka kasa kafa rumfa, matasa su kafa musu. A haɗa kuɗi a kira malamin dabbobi rana ɗaya domin gari duka, Kirista da Musulmi. Malaman makarantar Lahadi su ba yara labarin Bal'amu.

Addu'a

Ya Ubangiji, Makiyayi mai kyau, mun gode maka saboda dabbobin da ka ba mu amana. Ka gafarta mana inda muka bar su da ƙishi, ko muka doke su cikin fushi, ko muka yi dariya da wahalarsu. Ka ta'azantar da waɗanda aka kwashe wa garke. Ka kawo salama a ƙasarmu, har yaranmu su sake fita kiwo ba tsoro. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.