Yadda Ake Zaɓen Kwale-kwale Daidai Nauyin Mai Hawa

A watan Afrilun 2022, cikin azumi, kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, aka rasa mutum 29, akasarinsu yara da suka fita neman itace. Shekara ɗaya bayan haka aka sake yin makamancinsa a Dandeji, nan ma cikin Shagari. Allah Ya jiƙansu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma yawan lodi yana cikin abin da ke kifar da jirgi, kuma abu ne da ake iya aunawa tun daga tudu. Ga mai niyyar sayen jirgi ko ba da aikinsa ga kafinta, musamman mai jiki, ga yadda za a bi.

Da farko ka hau sikeli. Kada ka yi kirdado, domin yawancinmu muna rage wa kanmu kilo goma a baki. Ka haɗa nauyinka da na abin da ka saba tsallakewa da shi: buhun taki kilo 50 ne, cikakken buhun gero yana kai wa wajen kilo 100, babur ya haura haka. Ka sa matuƙi a lissafi, da ɗan da ba ya rabuwa da kai. Manomin Bodinga da ke noman rani a bakin madatsar ruwan Shagari ya tuna da injin ban ruwa da tiyo da jarkar mai.

Na biyu shi ne lissafin ruwa, kuma ba wuya gare shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgi kuwa yana nutsewa ne har sai ya ture ruwa daidai nauyinsa da na abin da ke kansa. Ɗauki jirgi mai tsawon mita 6 da faɗin mita 1. Saboda goshinsa da gindinsa sun tsuke, abin da ke kwance a kan ruwa bai fi murabba'in mita 4 da 'yan kai ba. Ke nan duk kilo 40 da ka ɗora zai sauke shi kimanin santimita 1. Mutum mai kilo 120 zai sauke shi santimita 3 kacal. Masu hawan allo a kan igiyar teku a Turai da Amurka da irin wannan lissafi suke sayen allunansu, suna gwada litar allo da kilon mai hawa. Masuntan Argungu ma sun san ƙato ba ya kwanciya a kan ƙaramin gora.

To, in santimita 3 ce kawai, me ya sa masu fito ke tsuke fuska in mai jiki ya tunkaro? Domin ba nutsewa suke tsoro ba, karkata ce. Nauyin mutum ɗaya a wuri ɗaya yake, kuma yana motsi. Ya juya don gaisawa, ya miƙa hannu ya karɓi kaya, jirgin ya kwanta gefe guda. Abin da ke tare wannan shi ne faɗi. Tsawo yana ba da gudu da wurin kaya, amma ƙarin taƙi ɗaya a faɗi ya fi maka ƙarin mita guda a tsawo. Saboda haka in aka ajiye maka siririn jirgi dogo da wani gajere mai buɗaɗɗen ciki da shimfiɗaɗɗen ƙasa, ɗauki na biyun, ko da ya fi nauyin tuƙi. Jirgin sassaƙa mai zagayayyen ciki na masunci ne da ya girma a cikinsa. Kai da ka zo daga tudu, na katako ya fi maka. Ka ce wa kafinta ya sauke wurin zama ƙasa sosai, a tsakiyar jirgin.

Sai gwaji, kuma kada ka biya kafin shi. Ku kai jirgin inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ka cika jarkoki masu lita 25, kowace ta tsaya a matsayin kilo 25, ka jera su har su kai jimillar da ka lissafa, tare da kai a ciki. Sannan a auna daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi. Shawarata, kada ya gaza taƙi ɗaya cikakke, wato wajen santimita 20, domin faɗin madatsa yana ba iska damar tayar da igiya, balle da hadarin farkon damina. Ka ɗan jirga hagu, ka jirga dama. In ruwa ya leƙo, jirgin ya yi maka kaɗan, komai daɗin bakin mai sayarwa. In ya yi, a ja layi da jan fenti a daidai inda ruwa ya tsaya. Daga ranar, in layin ya ɓace a ruwa, sai wani ya sauka.

Duba katakon da dare ɗaya a ruwa: da safe za ka ga inda yake yoyo, a toshe da kwalta. Ruwan da ke kwance cikin jirgi yana gudu zuwa gefen da aka karkata, ya ƙara danne shi, don haka moɗar kwarfa ba ta barin jirgi. Ɗanyen itace kuma a shimfiɗa shi ƙasa, kada a tula shi sama a ɗora yara a kai.

Rigar kariya ma tana da lamba. A jikinta ake rubuta nauyin da take ɗauka, wadda ba ta ɗauru a ƙirjinka ba kuwa za ta zame ta kanka da ka faɗa ruwa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare. Sarkin Ruwa da masu fito na mashigan Shagari, don Allah a fara da jan fentin nan kafin ruwa ya cika bana.