Yadda Ake Zaɓen Ajin Ƙaramar Mota Sabuwa a Birnin Kebbi da Argungu

Mota iri ɗaya, suna ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, amma farashi uku ko huɗu. Abin da ya raba su shi ne 'yan haruffan nan da ke manne a bayan but: L, LE, SE da XLE a jikin Toyota Corolla, LX, EX da Touring a Honda Civic, Access, Active da Allure a Peugeot 301. Kowanne aji ne da kamfani ya ware, kuma kowane hawa yana zuwa da ƙarin kaya da ƙarin kuɗi. Dillali kan dunƙule zancen ya ce, "Alhaji, ɗauki ful ofshin, ita ce ta dace da girmanka." Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, tazarar da ke tsakanin ajin ƙasa da na sama ta koma ta miliyoyi. Don haka sai an zauna an yi lissafi. Ka'idar guda ce: ka biya kuɗin abin da ba a iya ƙarawa daga baya, ka bar abin da hanyarmu da ranarmu za su lalata.

1. Fara da hanyar da motar za ta riƙa bi

Kafin ka kalli ko hoton mota, ɗauki takarda ka rubuta zirga-zirgarka ta mako guda. Ma'aikacin da ke tashi daga Gesse ko Badariya zuwa sakatariyar Gwadangaji, ya sauke yara a makaranta ya dawo, kusan kullum a kan kwalta yake. Wanda ke zaune a Argungu yana aiki a Birnin Kebbi yana cin doguwar hanya safe da yamma, shi kuwa shan mai da lafiyar birki su ne damuwarsa. Mai gonar shinkafa a fadama, ko mai zuwa gida Augie ko ƙauyukan Kangiwa duk Juma'a, zai sauka daga kwalta ya shiga burji, rairayi da rani, taɓo da damina. Rubuta har yawan mutanen da kake ɗauka da irin kayan da ke shiga but. Idan uwargida ce za ta fi tuƙa motar, da ita za a yi wannan zama. Takardar nan ita ce ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

2. Nemi takardar bayanin kowane aji, ta ƙasar da aka ƙera wa motar

Galibin masu sayen sabuwa dal daga nan oda suke yi daga Abuja, Kaduna, Kano ko Legas. Ka sa a turo maka takardar da ta jera kayan kowane aji gefe da gefe, kada ka tsaya ga bayanin baki. Sannan ka tambayi kasuwar da aka yi wa motar, domin haruffan ba su da ma'ana ɗaya a ko'ina. Corolla ta Amurka tana zuwa da LE da SE, ta ƙasashen Larabawa kuwa, wadda ake kira 'yar Dubai, XLI da GLI ne a jikinta. Ta Amurka da Kanada a manyan ajinta har da kujera mai ɗumama jiki, abin da ba zai yi maka rana ba a garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Wadda aka shirya wa ƙasashen zafi, ko aka harhaɗa a gida irin Peugeot ta Kaduna, inda ake haɗa motoci tun 1975, an fi yin la'akari da yanayi irin namu.

Shekara ma tana canza abin da harafi yake nufi. A Corolla ta Amurka ƙirar 2020, L da LE da XLE injin lita 1.8 ne gare su, SE da XSE kuma lita 2.0. Daga ƙirar 2023 aka daina L, aka ba sauran masu shan fetur zalla injin 2.0. LE ta bana ke nan ba LE ɗin maƙwabcinka ba ce.

3. Raba kayan gida uku

Gida na farko, abin da ba a ƙarawa bayan mota ta bar masana'anta: inji, giya, yawan jakunkunan iska masu kare mutum a haɗari, birkin ABS, na'urar hana mota sulɓewa a kwana, da esi na asali. Ajin da ya rasa waɗannan ka tsallake shi komai sauƙinsa. Motocin kasuwar Amurka duk suna da na'urar hana sulɓewa tun ƙirar 2012, da kyamarar ribas tun Mayun 2018, saboda doka ta tilasta. A motocin da ake aikowa Afirka kuwa, nan ne ake yawan rage kaya a ajin ƙasa, sai ka tarar da jakar iska biyu kacal. Ƙirga su a takarda.

Gida na biyu, abin da bakanike ko mai wayarin zai saka maka a cikin gari da kuɗi kaɗan: rediyo mai allo, kyamarar ribas, rigar kujera, tabarmar roba. Kada ka hau aji guda cur saboda allo.

Gida na uku, ado: kujerun fata, rufi mai gilashi, manyan rim, tada mota da danna maɓalli. Waɗannan su ne ke cika ido a shagon dillali, kuma su ne ke cin mafi yawan ƙarin kuɗin.

4. Duƙa ka karanta taya

A gefen kowace taya akwai lambobi, kuma a nan ne babban aji ya fi cutar mai bin hanyoyinmu. Corolla L ta 2020 ta zo da taya 195/65R15, LE da 205/55R16, SE da 225/40R18. Lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma kaurin gefenta, kashi nawa ne cikin ɗari na faɗin. Idan ka buga lissafi, gefen tayar L ya kusa milimita 127, na LE wajen 113, na SE 90 kacal. Wannan robar ita ce ke shanye dukan rami kafin ya isa rim. Siririyar taya tana da kyan gani, tana kuma riƙe kwana a kan kwalta mai laushi, amma rami guda a cikin dare tsakanin Kalgo da Bunza ya isa ya kumbura gefenta ko ya tsaga rim. Rim na ƙarfe in ya lotsa, mai faci zai buga shi da guduma ka ci gaba da tafiya. Na alminiyam in ya tsage sai walda ko sabo.

Kafin ka yanke shawara, zaga wurin masu sayar da taya a garinku ka tambayi lambar da kake so, ka ji farashi, ka ga ko tana nan a ƙasa ko sai an aika Kano. Mai inci 15 da 16 ba ta wuyar samu. Duba but kuma ka ga irin safayar da aka saka: cikakkiyar taya ce, ko 'yar siririyar nan da ba a wuce kilomita 80 a awa da ita?

5. Auna inji da giya da bakaniken da kake da shi

Ba kullum babban inji ne ya fi shan mai ba. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Corolla LE ta 2020 mai lita 1.8 tana yin kimanin kilomita 14 da lita guda, SE mai lita 2.0 da giyar otomatik ta ɗan fi ta da kaɗan, Hybrid mai haɗa fetur da batir kuma tana kai wa 22. A nan, da esi a kunne da mutum biyar a ciki, ba za ka ga waɗannan lambobi cif ba, amma tazarar tana nan.

Abin tambaya shi ne wa zai taɓa maka injin. A Civic ƙirar 2016 zuwa 2021, LX tana da injin lita 2.0 mara tabo (turbo), manyan ajin kuwa lita 1.5 mai tabo, wanda ya fi ƙarfi amma ba ya yafe gurɓataccen baƙin mai ko jinkirin juye. Giyar CVT, wadda ke cikin yawancin ƙananan motocin yanzu, nata man daban ne, in aka zuba mata na tsohuwar otomatik an kashe ta. Ita kuma Corolla Hybrid batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya, yana shan iska ta wata 'yar taga mai raga a gefen kujerar. Ƙurar hunturu kan toshe ragar, batir ya yi zafi, don haka sai ana share ta a kai a kai. Je garejin da kake gyara ka tambayi maigidan kai tsaye: "Kana da kwamfutar duba wannan ƙirar? Ka taɓa buɗe irinta?" Amsarsa ta fi ta dillali amfani.

6. Tuna rana da ƙura

Kujerar fata baƙa da ta wuni a filin ajiye motoci ba ta zaunuwa da azahar, kuma bayan 'yan shekaru sai ta fara tsagewa. Yadi ya fi sanyi, rigar kujera kuma tana kare shi daga yara. Rufi mai gilashi yana ƙara wa esi aiki, ƙura tana cika 'yan magudanan ruwan da ke gefensa, sai ruwan farko na Yuni ya sauko ka ji ɗiga a kafaɗa. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi a wannan fanni shi ne esi mai ƙarfi da kafar iska ta mutanen baya, in ajin yana da ita.

7. Yi lissafin bambancin har ƙarshensa

A ce tsakanin ajin tsakiya da na sama naira miliyan 3 ne. Ba nan kuɗin ya tsaya ba. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta sa cikakkiyar inshorar mota ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba, wato ƙarin naira 150,000 duk shekara a kan wannan bambanci kaɗai. Idan bashin banki ne ko na ƙungiyar adashin ma'aikata, ribar ma tana hawa kansa. Ƙara kuɗin tayoyi huɗu masu tsada, da fitilar gaba ta zamani wadda in ɗan acaɓa ya fasa ta sai an sayi gidanta ɗungum. Daga nan raba miliyan 3 ɗin da farashin litar fetur na yau, ka ga man wata nawa ne kake shirin bayarwa saboda fata da gilashin rufi.

Ka tuna da ranar sayarwa. Ajin da ya fi yawa a gari shi ne mai saurin samun mai saye da kayan gyara, kuma ɗan kasuwa ba ya mayar maka da kuɗin adon da ka biya. Ga mafi yawan masu saye a wannan yanki, lissafin kan tsaya a ajin tsakiya, irin LE, ko Active a 301: kayan kare rai sun cika, taya mai kauri, kujerar yadi. Ajin ƙasa ya dace da mai haya ko ofis, matuƙar gida na farko bai yi giɓi ba.

8. Tabbatar abin da ke rubuce shi ne a ciki

Harafin bayan but da gam ake manna shi, ana kuma sayar da shi a kasuwa. Gani ya kori ji. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, za ka ga lambar tayar da motar ta fito da ita, ka gwada da wadda ke ƙasa. Karanta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a gindin gilashin gaba, ka tabbatar ta yi daidai da ta rasit da ta takardar kwastam. A motocin Amurka, na 10 a jerin shi ne shekarar ƙira: L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Lalubi rubutun jakar iska a sitiyari, gefen kujeru da saman ƙofofi, ka ƙirga. Idan ba za ka iya zuwa da kanka ba, tura bakanikenka, kuɗin motarsa ba asara ba ne.

Gwajin tuƙi kuma da tsakar rana ake yin sa. Kunna esi, zaunar da mutum uku a baya, hau tudun rage gudu a hankali ka saurara ko cikin motar zai goga.

9. Rubuta komai kafin ka ba da kafin alƙalami

Takardar ciniki ta ambaci sunan aji, girman inji, irin giya, launi, lambar shasi da ranar kawowa, da abin da zai faru in aka kawo wani ajin daban. Tambayi garanti: kamfanoni da yawa suna ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, amma da sharaɗin a wurinsu za a riƙa yin sabis. Idan wurin mafi kusa Sakkwato ne, da sauƙi. Idan Abuja ne, tafiyar yini ce duk juyen mai, sai ka saka ta a lissafi tun yanzu. Motar da wani ɗan kasuwa ya shigo da ita da kansa, ko da leda a kujerunta, sau da yawa garantin kamfani bai hau kanta ba, don haka a rubuta maka wanda zai ɗauki nauyi in ta ba da matsala. Ku daidaita la'adar dillali tun farko, ka biya ta banki da sunan kamfanin da ke kan rasit, kuma kada ka cika ragowar kuɗin sai motar ta iso ka sake bin mataki na 8 daga farko har ƙarshe.