In 'Yan Sanda Sun Buga Maka Ƙofa

Jama'a, kowa ya san ba a faɗa wa gidan mutum kai-tsaye. Baƙo yakan tsaya bakin zaure ya yi sallama, in ba a amsa ba ya sake, in ya yi sau uku shiru sai ya juya. Tarbiyyar da muka tashi da ita ke nan, kuma Alƙur'ani ya ƙarfafa ta a Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28. To, dokar Nijeriya ma ta san da wannan hurumi, ko da yake ba kowa ya san haka ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin mutum, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganar da yake yi ta waya. Sashen bai ware gidan siminti daga gidan ƙasa ba, bai kuma ware mai haya daga mai gidan kansa ba.

Duk da haka, sau da yawa za ka ji an yi wa wata unguwa dirar mikiya da tsakar dare, an ɓalle ƙofa, an kutsa har ɗakunan mata, an lakaɗa wa maigida duka a gaban 'ya'yansa, an kwashe wayoyi da kuɗi, gari ya waye ba wanda ya san inda aka kai shi. Da safe maƙwabta su zo jaje, kowa ya ce hukuma sai lallashi, magana ta mutu. Wannan tsoro gadonsa muka yi tun zamanin dogarai da 'yan dokar En'e, lokacin da talaka ba ya tambayar mai kaki dalili. An rushe 'yan doka an haɗe su da 'yan sandan Nijeriya tun ƙarshen shekarun 1960, amma tsoron bai bi su ba, yana nan a zukatanmu.

Ka sani, ya kai mai karatu, ɗan sanda ba abokin gaba ba ne. Ɓarawo da ɗan fashi da mai satar mutane a gidaje suke kwana, dole wani ya bi su can. Saboda haka doka ta ba ɗan sanda ikon shiga gida, amma ta gindaya masa sharuɗɗa. Mafi yawansu suna cikin dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya. Jihohi sun yi tasu a kan wannan tsari, Kaduna a 2017, Kano a 2019.

Sharaɗi na fari shi ne takardar izinin bincike, wadda ake kira waranti. Ɗan sanda ba ya rubuta wa kansa ita. Sai ya je gaban alƙali ko majistare ya rantse a kan abin da yake zato, shi kuma in ya gamsu ya sa hannu. Don haka in an buga maka ƙofa, kana da damar cewa, "Yallaɓai, daga wane caji ofis kuke? Ko zan ga takarda?" Wannan ba rashin kunya ba ne. A zamanin da 'yan fashi ke sa kaki, tambayar ma kiyaye kai ce. Duba adireshin, duba sa hannun, in ba ka iya karatun boko ba ka kira wanda zai karanta maka. Sai dai kada wani ya ruɗe ka da cewa ba a bincike da dare ko ranar hutu. Dokar 2015 ta ce ana iya zartar da waranti a kowane lokaci, kowace rana. Haka nan in wanda ake nema ya gudu ya faɗa gidanka, wajibi ne ka ba da hanya, in kuwa ka ƙi, doka ta yarda a fasa ƙofa. Lura da jerin: a fara neman izini, sai an hana sannan a fasa.

Ga wani wuri da ya kamata kowane magidanci ya haddace. Sashe na 12 na wannan doka ya ce in a wurin da za a shiga akwai macen da al'ada ko addini ya hana ta fita cikin maza, to sai an sanar da ita tukuna, a ba ta isasshen lokaci ta kimtsa ta kauce, sannan a shiga. Wannan ba sabon abu ba ne, tsohuwar dokar shari'ar laifuffuka ta Arewa ma ta tanadi haka. Mace kuma mace ce ke caje ta, cikin mutunci. Ashe ke nan wanda ya banka labulen ɗakin matar aure tana barci, ba al'ada kaɗai ya keta ba, har da dokar da aka ɗauke shi aiki ya tsare.

Bincike kuma ba a yinsa a ɓoye. Doka ta ce a yi shi gaban shaidu biyu, sai fa in kotu ta ce a yi akasin haka, kuma maigida ko wakilinsa yana da damar tsayawa ya ga komai. Duk abin da aka ɗauka sai an rubuta shi a jere, an sa hannu, an ba shi kofe. A ganina nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Da an ji jiniya kowa sai ya ja ƙofarsa ya yi lamo, alhali fitowar mai unguwa ko liman ko wani dattijo guda ya tsaya yana kallo takan sa hannun da ya ɗaga ya sauka. Shaidu kariya ce ga ɓangare biyu: ba a jefa wa maigida abin da ba nasa ba, ba a kuma yi wa ɗan sanda mai gaskiya ƙagen sata.

Yanzu sai batun ƙarfi. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki ya kare rai, na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Gaskiya ne doka ta bar ƙofar amfani da ƙarfi, amma gwargwadon larura kawai. Mutumin da ya tsaya bai yi gardama ba, bai yi yunƙurin gudu ba, ko ankwa ba a yarda a sa masa ba, balle mari ko gindin bindiga. Game da harbi, 'yan sanda suna da ƙa'idarsu mai lamba 237. A da an daɗe ana kuka da ita saboda yadda ta sauƙaƙa harbin mai gudu, sai aka sake mata fasali a 2019 zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka ɗaure amfani da bindiga ga inda rai ke cikin haɗari ko ake tsoron mummunan rauni. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuwa ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya gana wa mutum azaba, kuma cewa "oga ne ya sa ni" ba ta fid da kowa.

Wata ta'ada da ta zama ruwan dare ita ce a zo neman yaro, in ba a same shi ba a tafi da ubansa ko matarsa ko ƙanensa, a ce sai ya kawo kansa. Sashe na 7 na dokar 2015 da sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun haramta haka ƙarara. Laifi ba ya bin jini. Haka nan ba a kama mutum don bashi ko saɓanin ciniki, wannan aikin kotu ne. Wanda aka kama kuwa, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a shaida masa dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da damar yin shiru har ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin nisan kilomita 40, ko kwana biyu in babu, ban da laifuffuka masu hukuncin kisa. Belin caji ofis kyauta ne.

Wani zai ce duk wannan a takarda ne. Bari mu duba. A watan Satumba na 2018 'yan sanda suka shiga gidan dattijo Edwin Clark a Abuja neman makamai, ba su sami komai ba. Cikin 'yan kwanaki rundunar ta ba shi haƙuri, ta kuma kori wasu daga cikin waɗanda suka je. A Oktoban 2021 wasu suka dira gidan Mai Shari'a Mary Odili ta Kotun Ƙoli da waranti a hannu, daga baya majistaren da ya sa hannu ya soke shi, ya ce yaudararsa aka yi. To, waɗannan manya ne, suna da baki. Ga na talakawa. Ranar 20 ga Satumba, 2013, sojoji da jami'an tsaron farin kaya suka kai samame wani kangon gini a Apo, nan Abuja, inda 'yan ci-rani ke kwana, galibinsu 'yan Arewa masu tuƙa Keke Napep. Mutum takwas suka mutu, goma sha ɗaya suka ji rauni, aka ce 'yan Boko Haram ne. Ƙungiyar masu keken ba ta ce ta bar wa Allah ta koma gefe ba, ta kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. A Afrilun 2014 hukumar ta ce ba a kawo hujjar da ta nuna su 'yan ta'adda ba ne, ta umarci gwamnati ta biya naira miliyan 135: miliyan goma ga iyalan kowane mamaci, miliyan biyar ga kowane mai rauni. Kuɗi ba ya mayar da rai, amma an wanke sunansu, an kuma rubuta a tarihi wanda ya yi laifi.

Sai dai a kula ƙwarai. Sanin haƙƙi ba lasisin kokawa da mai bindiga ba ne. In sun shigo ba bisa ƙa'ida ba, kada ka ɗau sanda ko adda, kada ka gudu, kada ka yi zagi. Bar hannuwanka a fili, tara yara wuri ɗaya, yi magana a hankali. Aikinka a wannan dare shi ne ka tsira da ranka, ka kuma riƙe abin da ka gani: sunan da ke ƙirjin riga, lambar mota, su nawa ne, ƙarfe nawa suka zo, ina suka ce za su. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a takardar da ba a karanta maka ba.

Da gari ya waye, wanda aka ji wa rauni ya je asibitin gwamnati ya karɓi takardar likita tun ciwon bai warke ba, a ɗauki hoton ƙofar da aka fasa kafin a kira kafinta. Daga nan ana iya rubuta wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha, ko sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta buɗe a 2015, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a babban birnin jiharsa. Sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga duk wanda aka taka haƙƙinsa, kuma wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. In shi yana tsare ba ya iya zuwa, ƙa'idojin kotu na 2009 sun yarda matarsa ko ɗan'uwansa ko ƙungiyarsu ta shigar da ƙarar a madadinsa.