Ƙarfin Doki da Ƙaramin Jari: Nazarin Haɗa Injin Chevrolet Mai Ƙaramar Gangar Jiki

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda makanikai masu ƙaramin jari a Amurka suke haɗa inji mai ƙarfin gaske daga tsofaffin kayan Chevrolet. Maƙalar ta nuna cewa ƙarfin inji ya ta'allaƙa ne ga yawan iskar da yake shaƙa da dacewar sassansa da juna, fiye da tsadar kayan.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1955 kamfanin Chevrolet ya fito da wani inji mai silinda takwas, hurhuɗu a kowane gefe, ƙarƙashin jagorancin injiniya Ed Cole. Daga baya aka laƙaba masa sunan small-block, wato mai ƙaramar gangar jiki. Na farkon lita 4.3 ne, yana ba da ƙarfin doki 162. A 1967 aka fito da samfurin 350 mai lita 5.7, kuma ya zuwa 2011 an ƙera injuna miliyan 100 na wannan zuriya. Wannan yawa ne ya karya farashin kayansa a kasuwar tsofaffin motoci, har talaka ya sami abin yi.

2.0 Ma'anar Ƙarfin Doki

Ma'aunin ya samo asali daga James Watt, wanda ya kwatanta aikin injin tururi da na doki. Doki ɗaya ya kai kimanin wat 746. A injin mota, ana riɓanya ƙarfin murɗawa da yawan juyin inji a minti, sannan a raba da 5,252, in an yi awon da ma'aunin Amurka. Ke nan hanya biyu ce ta ƙara ƙarfi: ko a ƙara murɗawa, ko a ƙara juyi. Duka biyun kuwa suna buƙatar ƙarin iska da za ta ƙona ƙarin fetur.

3.0 Inda Ake Zuba Kuɗi

Mataki na farko shi ne ƙara cikin inji. Ana ɗauko gangar 350 a ƙwaƙule silindarta da inci 0.030, a sa mata ƙaranshaf irin na samfurin 400, wanda ya fito a 1970. Da haka tafiyar fistan takan ƙaru daga inci 3.48 zuwa 3.75, a sami injin da ake kira 383, mai kimanin lita 6.3. Sai dai dole ne a rage kaurin wuyan ƙaranshaf ɗin, a kuma goge cikin gangar don kada sandunan fistan su taɓa ta.

Mataki na biyu shi ne kan silinda, inda bawul-bawul suke, domin ta nan iska take shiga ta fita. Kawunan Vortec da suka zo a manyan motocin 1996 sun yi suna saboda suna shigar da iska sosai, ga sauƙin farashi. Amma suna da sharaɗi: suna buƙatar bututun shigar iska irin nasu, kuma ba sa yarda bawul ya buɗe da nisa sai an yi musu gyara.

Mataki na uku shi ne kamshaf, mai tsara buɗewa da rufewar bawul. A nan ne mai gaggawa yakan yi asara. Kamshaf da ya yi wa inji girma yakan raunana shi a ƙananan juyi, motar ta yi nauyin tashi. Haka nan idan matsin silinda ya wuce abin da fetur zai jure, man yakan fashe ba bisa tsari ba, har ya huda fistan. Shi ya sa mai kan silinda na baƙin ƙarfe yakan tsaya wajen matsi 9.5 bisa 1.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa mai ƙaramin jari yana iya tsimi wajen sayen tsohuwar ganga da tsofaffin kawuna. Inda tsimi ba ya da wuri shi ne awo, da daidaita nauyin sassa masu juyawa, da sababbin ƙusoshin sandunan fistan, domin ƙusa ɗaya in ta tsinke a cikin gudu, tana iya fasa gangar baki ɗaya. Wanda ya kiyaye waɗannan yana iya samun kusan doki 400 daga injin 383, fiye da ninki biyu na abin da kakansa na 1955 ya bayar.